Shin ya dace ƙungiya ɗaya ta zama mai kare lauyoyi kuma mai sa musu ido?

Sabon Barista (Kano)

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a aikin lauya. Bara aka rantsar da ni lauya a Abuja, kuma tun da na fara aiki a ofishin maigidana akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai.

Kafin ƙarshen watan Maris na biya kuɗin izinin aiki kamar kowa, domin wanda bai biya ba ba shi da bakin magana a gaban alƙali. Da na koma cikin dokar aikin lauya sai na tarar cewa magatakardan Kotun Ƙoli ne doka ta ɗora wa karɓar kuɗin, amma kashi tara cikin goma na abin da aka tara ana miƙa shi ne ga Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA. Ita ce kuma ke ba ni hatimin da nake liƙawa a kan takardun da nake kaiwa kotu, ita ce ke lissafa makin kwasa-kwasan ƙaro ilimi da aka wajabta mana, kuma idan wanda nake yi wa aiki ya ga na cuce shi, ita ce zai fara tunanin kai wa kuka. Amma wannan ƙungiya dai ita ce uwata a sana'a. Ita ke fitowa idan jami'in tsaro ya ci zarafin lauya, ita ke neman a kyautata albashin ƙananan lauyoyi irina, kuma da ƙuri'ata ake ɗora shugabanninta.

Abin da nake son manya su haska mini shi ne, ta yaya wanda na zaɓa domin ya tsaya mini zai iya binciken ƙarar da aka kawo a kaina ba tare da ya ji nauyina ba? Shin ya kamata a raba aikin sa ido da ladabtarwa daga aikin wakilci, ko kuwa raba su zai buɗe wa gwamnati ƙofar da za ta shigo ta danne lauyoyi?

Tsohon Lauya (Kaduna)

Wa alaikumus salam. Barista, Allah ya sa albarka a aikin, ya tsare ka daga cin amana. Tambayarka ta girme ka, kuma na ji daɗi da ka yi ta tun yanzu.

Sai dai zan fara gyara maka wani abu. A takarda, Najeriya ba ta tara ikon sa ido a hannu ɗaya ba, ta ma watsa shi ne har ya yi yawa. Majalisar Ilimin Shari'a ce ke kula da Makarantar Horar da Lauyoyi. Majalisar dattawan sana'a, wadda ake kira Body of Benchers, ita ce ta rantsar da kai, kuma a ƙarƙashinta kwamitin ladabtarwa na LPDC yake, wanda ke da ikon ya ja wa lauya kunne, ko ya dakatar da shi, ko ya sa a soke sunansa daga rajistar Kotun Ƙoli. Babbar Majalisar Lauyoyi, wadda Antoni Janar na Tarayya ke shugabanta, ita ce ke tsara ƙa'idojin ɗa'ar aiki. Wani kwamitin daban ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai shi ke ba da muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya. Ita kuwa NBA ba dokar majalisa ce ta kafa ta ba, ƙungiya ce mai rajista da amintattu, amma doka ta ambace ta, ta ba ta kujeru a waɗancan hukumomi, ta ba ta kuɗi, ƙa'idojin aiki kuma suka ba ta hatimi. Saboda haka idan ka bi sunayen waɗanda ke zama a waɗannan wurare za ka ga fuskoki ne iri ɗaya ke zagayawa, tuwona maina. A nan ciwon yake.

Kotun Ƙoli ta taɓa magana a kan asalin wannan lamari tun 1985, a shari'ar kwamitin ladabtarwa da Cif Gani Fawehinmi. An zarge shi da tallata kansa ta hanyar sanarwar wani littafin shari'a da ya fitar, zargin ya fito daga ofishin Antoni Janar, kuma Antoni Janar ɗin ne shugaban kwamitin da zai saurari zargin. Kotu ta ce hakan ya saɓa wa haƙƙin sauraro cikin adalci, domin mutum ba ya zama mai ƙara kuma alƙali a magana ɗaya. Wannan hukunci ya kare lauya daga mai zarginsa. Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne ƙa'idar tana da ɗaya fuskar, domin talakan da ya kawo ƙarar lauya shi ma yana da haƙƙin kada mai binciken ƙararsa ya kasance abokin wanda ake ƙara, ko mai neman ƙuri'arsa a zaɓe mai zuwa. Tun daga 2016 kowane lauyan da ya cika sharuɗɗa yana zaɓen shugabannin ƙasa na ƙungiyar kai tsaye ta intanet, abu ne mai kyau ga wakilci, amma ya ƙara wa shugabanni jin nauyin mabiya. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Akwai kuma abin da na gani da idona. Taron Fatakwal na 1992 ya watse cikin rikici, kuma daga nan har zuwa 1998 ƙungiyar ba ta da zaɓaɓɓun shugabanni na ƙasa. A cikin wannan tsakani ne gwamnatin soja ta yi dokar 1994 wadda ta ƙara wa majalisar dattawan sana'a iko. Rikicin na kujera ne, na siyasar cikin gida, amma duk wani aikin sa ido da ya rataya a wuyan ƙungiyar sai da ya ji a jikinsa. Wanda lauya ya cinye wa kuɗi a waɗancan shekaru ba shi da hannu a rigimar Fatakwal, bai kamata kariyarsa ta dogara ga zaman lafiyar ƙungiyarmu ba.

Don haka ra'ayina shi ne a raba. Amma tsoron da ka ambata na gaske ne. A watan Satumba na 2020 Ministan Shari'a Abubakar Malami ya fitar da gyaran ƙa'idojin aiki wanda ya cire, cikin wasu abubuwa, wajabcin hatimin ƙungiyar. NBA ta garzaya kotu tana cewa Babbar Majalisar Lauyoyi ba ta zauna ta amince da gyaran ba, kuma a 2022 Babbar Kotun Tarayya ta soke shi. Ko mutum yana son hatimin ko ba ya so, darasin shi ne bai kamata alƙalamin mutum ɗaya na gwamnati ya iya sauya ƙa'idar sana'a dare ɗaya ba. Lauya shi ne ke ƙarar gwamnati a madadin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Idan izinin aikinsa yana aljihun minista, to mun gudu daga gara mun faɗa wa zago.

Lauya a Birmingham

Ina gaida Baba Tsohon Lauya, Allah ya ƙara girma. Ɗan'uwa Barista, ni a Ingila nake aiki, inda aka yi wannan rabuwar kusan shekara ashirin da suka wuce, don haka bari in faɗa maka yadda take idan mutum yana cikinta.

A nan lauyoyi kashi biyu ne: solisitoci, waɗanda jama'a ke zuwa ofishinsu kai tsaye, da baristoci, waɗanda suka fi tsayawa gaban alƙali. A da, ƙungiyar Law Society ce ke wakiltar solisitoci kuma ita ke sa musu ido, haka ma Bar Council ga baristoci. Abin da ya tayar da maganar shi ne ƙorafe-ƙorafen jama'a da suka taru ba a warware ba, har ta kai a 2006 aka ci tarar Law Society saboda raunin shirinta na kula da su. Tun kafin nan gwamnati ta ɗora wa Sir David Clementi, wanda ba lauya ba ne, ya duba tsarin gaba ɗaya, ya kuma miƙa rahotonsa a Disamba 2004. Bai ce a ƙwace iko daga sana'ar a ba wa gwamnati ba. Ya ce kowace ƙungiya ta ware sashen sa ido daga sashen wakilci, sannan a kafa wata hukuma a sama da za ta tabbatar da cewa rabuwar ta gaske ce. Daga nan aka samu hukumomin sa ido biyu, BSB ta baristoci a 2006, da SRA ta solisitoci a 2007, dokar ayyukan shari'a ta 2007 kuma ta kafa hukumar ta sama, LSB, wadda doka ta ce shugabanta da mafi yawan mambobinta kada su zama lauyoyi. A 2010 aka buɗe ofishi mai zaman kansa na karɓar ƙorafin rashin kyakkyawan aiki, inda wanda lauya ya yi wa jinkiri ko ya tsauwala masa kuɗi zai kai kuka kyauta.

Abin da na fi yabawa shi ne yanzu kowa ya san aikinsa. Idan SRA ta kawo wata ƙa'ida da muke ganin za ta cutar da ƙananan ofisoshi, Law Society tana fitowa fili ta yi adawa da ita, kuma ba wanda zai ce tana kare masu laifi, tunda ba ita ke bincikensu ba. Wakilcin ya samu 'yancin magana da ba shi da shi a da. Wanda ya zo wurina neman taimako kuwa, tun a wasiƙar farko dole in rubuta masa inda zai kai ƙarata idan bai gamsu ba.

Amma zan yi ƙarya idan na ce rabuwar ta kawar da cuta. A 2023 aka rufe kamfanin lauyoyi na Axiom Ince bayan an gano cewa fiye da fam miliyan 60 na kuɗin jama'a da ke ajiye a hannunsa sun yi ɓatan dabo. Binciken da LSB ta sa aka yi, wanda ya fito a Oktoba 2024, ya ce SRA ba ta ɗauki matakan da suka kamata a kan lokaci ba. Mu da ba mu ci ba ba mu sha ba aka ninka mana gudummawar asusun biyan diyya sau uku. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne akwai wanda ke da ikon ya tuhumi mai sa idon, ya buga sakamakon kowa ya karanta. Sannan har yanzu rabuwar ba ta cika ba, domin SRA kamfani ne da ke ƙarƙashin Law Society, kuma wani ɓangare na kuɗin izinin aikin da nake biya dole yana tafiya ne ga ayyukan ƙungiyar. Taƙaddama a kan wannan kuɗi ba ta taɓa mutuwa ba.

Idan Najeriya za ta ɗauki wani abu daga nan, ina ganin shigar da waɗanda ba lauyoyi ba cikin masu yanke shawara ya fi yawan hukumomin muhimmanci. Hukumomi uku a jere suna cin kuɗi, kuma lauyoyi ne ke biya, su kuma su ɗora wa masu neman aikinsu.

Uwar Marayu

Assalamu alaikum. Ni ba lauya ba ce, ɗana ne ya nuna mini wannan tattaunawa, kuma ina roƙon Baristoci su yi haƙuri in sa baki, domin maganar ta taɓa ni.

Bayan rasuwar maigidana aka sayar da wani gida cikin gado, kuɗin suka shiga hannun lauyan da ya rubuta takardun cinikin, da sharaɗin zai miƙa wa magada da zarar an kammala. Wata shida ina zarya, yau ya yi tafiya, gobe banki ne ya riƙe. Da na gaji aka nuna mini wasu manyan lauyoyi na garin da aka ce su ne ke duba irin wannan. Sun karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Amma tun daga yadda suka gaisa da shi na gane cewa ni ce baƙuwa a ɗakin. Kalmar da na fi ji a ranar ita ce a rufa asiri, yana da iyali, kada a kashe masa sana'a. Ba wanda ya ce marayun da ke gidana su ma iyali ne. An sasanta a kan zai biya kaɗan-kaɗan, ya kuma ɗauki kusan shekara biyu kafin ya gama, lokacin da kuɗin ba za su sayi rabin abin da za su saya a farko ba.

Ban ƙi sulhu ba, addininmu ma ya yabe shi. Abin da ke damuna shi ne babu inda aka rubuta cewa wannan mutum ya taɓa riƙe dukiyar marayu, kuma matar da za ta je ofishinsa gobe ba ta da hanyar sani. Da a ce cikin waɗanda suka zauna akwai ko da mutum ɗaya da ba abokin sana'arsa ba, malami ko ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikaci, na tabbata da ba a yi saurin rufe maganar haka ba.

Malamin Shari'a (Zariya)

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Abin da kika faɗa ya fi duk wata hujja da za mu kawo daga littafi.

Haɗa aikin biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Pawa shi ne bakin mahauta a fada, shi ne kuma ke tsawata wa wanda ya yanka dabba marar lafiya, haka Sarkin Maƙera a cikin maƙera. Tsarin ya yi aiki ne saboda dalilai biyu. Kasuwa ƙarama ce, kowa ya san kowa, wanda ya yi ha'inci labarinsa zai zagaya gari kafin la'asar. Sannan wanda aka cuta bai taɓa zama dole ya tsaya a wurin Sarkin Pawa ba, ga alƙali, ga fada. Sana'ar lauya a yau ta rasa na farkon, domin lauyoyi dubbai ne a rassa fiye da ɗari, kuma abin da suke yi ba kowa ke iya gane ingancinsa ba kamar yadda ake gane nama.

Inda zan ƙara a kan maganar Yallaɓai Tsohon Lauya shi ne haɗin yana cutar da lauyan kansa. A 1984 ƙungiyar ta umarci mambobinta da su ƙaurace wa kotunan soja da ke shari'ar 'yan siyasa, Gani Fawehinmi ya ƙi bin umarnin, ƙungiyar ta sa sunansa a jerin waɗanda ta ce sun zubar da mutuncinta. Da a ce a lokacin izinin aikinsa yana rataye da hatimin ƙungiyar, da saɓanin ra'ayi ya zama barazana ga abincinsa. Mu ma a Arewa mun ga irin wannan a Agusta 2020, lokacin da ƙungiyar ta janye gayyatar da ta yi wa Gwamna Nasir El-Rufai zuwa babban taronta, wasu lauyoyi suka fusata har suka sanar da kafa sabuwar ƙungiya. Ba na son mu shiga wanda ya yi daidai a wancan lamari. Abin lura shi ne lauyan da bai yarda da matsayin ƙungiyar ba ba shi da mafita, dole ya biya ta kuma ya nemi hatiminta, alhali sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da yake so. Ko da Kotun Ƙoli ta sassauta a 2015, a shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Sarkin Yaƙi da Bagudu, inda ta ce takardar da ba ta da hatimi ba ta mutu ba, ana iya gyara ta, hatimin yana nan a matsayin ƙofa, kuma mabuɗin yana hannun ƙungiya mai ra'ayi.

Afirka ta Kudu ta bi hanyar da ta fi kusa da halinmu. Tun Nuwamba 2018 majalisa ɗaya ce ke sa ido a kan dukkan lauyoyi, mai mambobi 23, daga ciki 16 lauyoyi ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, uku kacal minista ke naɗawa, ƙungiyoyin wakilci kuwa suka koma na ganin dama. A nan gida ma, lokacin da A. B. Mahmoud na Kano yake shugabancin NBA daga 2016 zuwa 2018, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Anthony Idigbe wanda ya ba da shawarar a kafa majalisar sa ido ta daban. Maganar ta sha suka daga cikin gida, kuma a ganina babban dalilin shi ne kaso tara cikin goma da Barista ya ambata tun farko. Ƙungiyar da ta saba kuɗi na zuwa mata ta hanyar doka ba za ta yi marmarin ranar da sai ta shawo kan mamba kafin ya biya ba. Duk da haka ina ganin wannan ranar ce za ta ƙarfafa ta, domin dole ta nuna wa ƙaramin lauya abin da take tsinana masa.

Tsohon Lauya (Kaduna)

Malam, na yarda da kai a kan kuɗin, sai dai kada a yanke shi dare ɗaya. Ƙungiya marar ko sisi ba za ta iya tsayawa gaban gwamnati ba, kuma ƙasar nan tana bukatar wadda za ta tsaya. A raba kuɗin gida biyu a fili, na izinin aiki ya tafi ga masu sa ido da asusun biyan waɗanda aka cuta, na ƙungiya kuma a rage wajabcinsa sannu a hankali.

Hajiya, na dawo ne musamman dominki, kuma ina jin kunyar abin da aka yi miki da sunan sana'ata. Riƙe kuɗin wanda ake yi wa aiki yana cikin manyan laifuffukan da ake soke sunan lauya a kansu, kuma biyan da ya yi daga baya bai goge laifin ba. A ƙarƙashin tsofaffin ƙa'idoji sai ƙungiyar ta bincika ta ce akwai abin tuhuma kafin ƙara ta isa gaban kwamitin ladabtarwa. Ƙa'idojin 2020 sun ba wanda aka cuta damar shigar da ƙararsa gaban kwamitin kai tsaye, da rantsuwa da takardun shaida. Wannan ma wani mataki ne na rabuwar da muke magana, ko da yake bai isa ba, domin mazaunin kwamitin Abuja ne, takardun da Turanci ake cika su, kuma mace mai riƙon marayu za ta bukaci wani lauyan kafin ta iya ƙarar na farkon. Idan takardar cinikin gidan da shaidar biyan da ya riƙa yi suna hannunki, ki sa ɗanki ya haɗa su wuri ɗaya bisa jerin kwanan wata, ya nemi lauyan da ba a garinku yake aiki ba ya duba muku su.